Yadda zaka kai yara kallon babbar gasa, ka dawo ka koya musu sassan jiki da gem a waya

'Yan uwa malamai, da iyayen da ke zama da yara su yi bita bayan isha'i, wannan naku ne. Ni ina koyar da sayans a nan gefen Nima, kuma shekara da shekaru darasin ƙashi da tsoka shi ne yake fi wahalar da ni, ka zana ƙwarangwal a allo ka sa sunaye, yara su kwafa tsaf, sati ya zagayo ka ce wa yaro nuna min ƙashin da kake kira fima, wato na cinya, a jikinka sai ya kama maka kafaɗa. Abin da ya gyara min lamarin shi ne Gasar Wasannin Afirka karo na 13 da aka yi mana nan Akra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke faɗa, daga 8 zuwa 23 ga Maris 2024. Sunanta na 2023 ne amma sai da aka ɗaga ta. An fara wannan gasa tun 1965 a Birazabil, sai a wannan karon ta zo ƙofar gidanmu. Ta gaba an ba Masar, toh amma ba sai ka jira ta ba, gasar makarantu ma ta isa, mutanen Kumasi ga filin wasa na Baba Yara nan a gabanku.

Abu na farko, fili kafin waya. Kar ka juya shi. Idan ka fara da gem yaro zai haddace inda zai danna ne kawai.

Kafin ranar tafiya ka zauna da jadawalin ka zaɓi wasa biyu, iyaka uku. Babbar gasa wurarenta a warwatse suke, a wancan karon guje-guje da tsalle a filin Jami'ar Gana ne a Legon, ninkaya a Borteyman, dambe a Bukom, ƙwallon mata kuma har Cape Coast. Wanda ya ce zai ga duka a yini ɗaya a cikin trotro zai ƙare. Mu Legon muka zaɓa, motar Madina muka hau muka sauka Okponglo muka ƙarasa a ƙafa. Ka bincika maganar tikiti tun da wuri, ka samu izinin iyaye, kuma dan Allah kar ka wuce yara biyar ko shida a kan babba ɗaya. Ni na yi kuskuren ɗaukar fiye da haka ni kaɗai, wajen fita ɗaya ya bi masu ganga, minti goma da na yi ina nemansa har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tun daga ranar nake rubuta lambata a takarda in sa wa kowa a aljihu. Ruwa, hula, ɗan littafi da biro. Mu azumi ma ya kama mu a tsakiyar gasar ga ranar Maris, don haka na yamma muka riƙa zuwa da dabino a jaka.

A fili ka ba kowane yaro gaɓa ɗaya ta zama tasa. Wannan gwiwa, wancan idon sawu, wannan kafaɗa, waccan ƙashin baya. Aikinsa ya zuba wa wannan wurin ido a jikin 'yan wasa, ya rubuta abin da ya gani da Hausarsa. Kuma wurin da ya fi amfani ba lokacin tseren ba ne, gudun mita 200 da Joseph Paul Amoah ya ci mana zinare kafin ka gama ihu an gama, ba abin da ka gani sai tuta. Ka kalle su lokacin da suke ɗumama jiki. A nan zaka ga mai gudu ya miƙe ƙafa ya sunkuya yana jan bayan cinya, sai ka ce yara ku taɓa naku, tsoka uku ce a nan, su ke lanƙwasa gwiwa, su ne kuma suka fi yagewa a gudun sauri, shi ya sa zaka ga mutum yana tsaka da gudu ya dafe baya ya fara ɗingishi. Ta gaban cinya huɗu ce, ita ke miƙe gwiwar. Ɗaya na ja ɗaya na saki, tsoka ba ta turawa, ja kawai ta iya. Wannan jimlar in yaro ya kama ta rabin babin ya ƙare.

Tsallen sama, wanda Rose Yeboah ta ci zinarensa, shi ne darasin agara. A mahauta kowa ya san agara, yaran Zango sun ci ta a ganda, amma ba su taɓa haɗa ta da ta bayan diddigensu ba. Ita ke ɗaure tsokar sha-raɓa da ƙashin dunduniya, kuma ita ce mafi kauri da ƙarfi a irinta a jikin mutum. Ka sa su yi ɗage su taɓa su ji yadda take ɗaurewa.

Anan ne ma zan tsaya kaɗan, saboda Hausarmu tana da wani tarko. Kalmar jijiya. Wadda jini ke bi jijiya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi ita ma jijiya, abu huɗu suna ɗaya, a jarrabawa kuma kowanne da sunansa da makinsa. Ni abin da nake yi, ban yarda yaro ya ce min jijiya ya yi shiru ba, sai ya ƙarasa, jijiyar jini, jijiyar saƙo, igiyar tsoka, igiyar gaɓa. Biyun ƙarshe ni na raɗa musu a aji, ba wani ƙamus ba ne, amma sun yi aiki. Targaɗe igiyar gaɓa ce ta ja ko ta yage, ba ƙashi ba ne ya karye, kuma da yaro ya gane wannan sai kaga ya koma gida yana gardama da kakarsa a kan ko a je wurin mai ɗori ko asibiti.

Kokawar hannu kuwa, wadda ta kawo wa Gana fiye da rabin lambobinta a gasar, yara za su so gwadawa a benci, ka sa ido. Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu ƙashi ɗaya ne tal, daga nan zuwa wuyan hannu biyu, kuma wannan ɗayan na sama yana iya karyewa a murɗe idan mutum ya juya jikinsa ya bar hannun a baya. Ka nuna musu, kar ka bari ta zama gasa.

Ka ɗauki hotuna da yawa, masu nuna jiki gaba ɗaya. Su ne jarin gem ɗinka.

Da ka dawo, cikin kwana biyu kafin abin ya huce, ka buɗe hoton a WhatsApp ka ja kibiya da alƙalamin nan zuwa wurin da kake so, ka adana. Sai ka shiga Kahoot, shafin gem na tambaya da amsa, ka buɗe akawun na kyauta, ka ɗora hoton, ka rubuta tambaya da amsa huɗu. Yara suna shiga da lambar da zai baka, ba sai sun yi rajista ba. Tambaya goma sha biyu ta isa. Zagayen farko duka da Hausa, ƙwauri, ƙoƙon gwiwa, allon kafaɗa, haƙarƙari, guringuntsi. Zagaye na biyu hotunan nan dai, amma amsa da sunayen littafi yadda za su zo a jarrabawar BECE. Ka cusa 'yan alƙaluma a tsakani, ƙashin babban mutum 206, haƙarƙari 12 kowane gefe, tafin hannu da yatsu da wuyan hannu 27, ƙafa daga idon sawu zuwa ƙasa 26, na cinya shi ne mafi tsawo, mafi ƙanƙanta yana cikin kunne. Amsoshin ƙarya su zama maƙwabtan ta gaskiya, in kibiya na kan agara kar ka sa hanta a zaɓi, wannan kyauta ce.

Matsalar Kahoot ɗaya, yana ƙara wa mai sauri maki, sai yara su koma dannawa ido rufe. Ka tsawaita lokacin zuwa daƙiƙa 30, ka kuma kafa doka, kafin a danna sai kowa ya taɓa wurin a jikinsa. Waya ba ta isa ba? Dama ba za ta isa ba. Yara huɗu waya ɗaya, a ba ƙungiya suna, mu dai Nima da Mamobi muke rabawa kuma wallahi ihun har layin baya. Ga mai son na danna-wuri-a-hoto akwai PurposeGames da Wordwall, ka ɗora hotonka ka sa ɗigo ka rubuta sunan kowane ɗigo, ka tura mahaɗin a guruf ɗin iyaye yaro ya yi a wayar mamarsa da dare. Ranar da data ta ƙare ko aka ɗauke wuta, sai ka koma kati da salatif, yaro ɗaya ya tsaya sauran su liƙa masa sunaye.

Darasin bugun zuciya ba ya son waya sam. Yatsa biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu, babba a zaune yawanci tsakanin 60 da 100 ne a minti, yara kan ɗan fi haka. Sai su zaga fili sau biyu a sake ƙirgawa, a rubuta duka biyun a allo, a jira minti uku a ƙara. Mai asma ko sikila shi ke riƙe agogo, in kuma azumi ne a bari sai bayan an sha ruwa.