Yadda Ake Shiga Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta Wudil

Duk shekara, da zarar an ce fom ɗin Wudil ya fito, sai ka ga samari sun cika shagunan kwamfuta, kowa da ambulan ɗin takardunsa a hammata. Ni malamin sakandare ne, na kuwa raka ɗalibai da dama a kan wannan hanya. Wasu sun shiga, da yawa sun dawo gida. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, akasarin waɗanda suka dawo wani ɗan ƙaramin abu ne ya kayar da su, wanda da an kula da shi shekara biyu kafin ranar, da ba a yi asara ba. Don haka ƙanena, ko ƙanwata, in kana da wannan buri, shirin yana farawa ne tun kana aji biyar na sakandare. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar tantancewa ba a gyaran takarda.

Da farko ka san inda za ka. Makarantar tana garin Wudil a Jihar Kano, kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, garin nan da ya yi suna da kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Kada ka rikita ta da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke garin, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Dangote. Wannan daban, waccan daban. An kafa makarantar 'yan sandan a 1988, tana rabe gida biyu, wani ɓangare a Challawa ta Kano, wani a Kaduna, sai a 1996 aka haɗe su a Wudil. A 2012 aka ɗaga darajarta ta zama mai ba da digiri, aka ɗauki rukunin farko a 2013, aka yaye su a ƙarshen 2018. Shekara biyar ake yi. Wanda ya gama yana fita da digiri a hannu da anini ɗaya a kafaɗa, wato muƙamin mataimakin sufurtanda, ASP. Ka ga kenan ya tsallake kurtu da kofur da saje da sufeto gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ake rububinta, ga shi kuma gurbin ana raba shi ne tsakanin jihohi 36 da Abuja, saboda haka da 'yan jiharku za ka yi takara.

Mataki na ɗaya: ka auna kanka da kanka

Akwai sharuɗɗan da karatu ba ya sauya su. Shekarunka su kasance tsakanin 17 da 22. Ka zama ɗan Najeriya, ba ka da aure, ba a taɓa ɗaure ka kan wani laifi ba. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, na mace ya ɗan yi ƙasa da haka kaɗan, kuma ana auna faɗin ƙirjin maza. Mace kada ta kasance da juna biyu.

Ka sami tela ya ara maka tef. Cire takalmi da hula, ka jingina da bango, diddige da ƙeya su taɓa shi, wani ya ɗora littafi a kanka ya ja layi da alli. Haka za a yi maka a can, ba takalmi, ba tulin suma. Na ga yaron da ya rasa santimita ɗaya tak, ya tsaya yana miƙe wuya har jijiya ta fito, mai awo ya ce ya matsa. Da ya auna a gida, da kuɗin motar da na fom sun tafi wata hanyar da za ta karɓe shi.

Daga nan ka je asibiti a duba idonka, da jininka, da ƙirjinka. Gwame, da ƙafar da ta shafe ba lanƙwasa a tafinta, da in'ina mai tsanani, da raunin gani ko ji, duk suna cikin abin da ake dubawa. Sai kuma maganar da ba a son faɗa: ana gwajin ƙwaya. In kana taɓa wani abu, ko da abokai ne suka ce na ƙarin kuzari ne, ka rabu da shi yau, don kanka ma kafin don makaranta.

Mataki na biyu: takardu su yi magana da baki ɗaya

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ramin da ya fi cin mutanenmu. Takardun da za ka tara su ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ko ta rantsuwar shekaru, takardar shaidar ƙaramar hukumarka ta asali, takardar gama firamare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar shaidar hali daga makarantarku, lambar NIN, da hotunan fasfo.

Ka shimfiɗa su duka a kan tabarma, ka ɗauki biro, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sunanka iri ɗaya ne a ko'ina? Mu Hausawa muna da wannan matsala: a firamare an rubuta Muhammadu, a WAEC Mohammed, a NIN Muhammad. A wata takardar sunan mahaifi ne na biyu, a wata sunan kaka, a wata kuma sunan gari. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma mai tantancewa da ke da ɗaruruwan mutane a layi, mutum uku yake gani. Haka ranar haihuwa. Wani ɗalibina, yaro mai ƙoƙari wanda ya ci jarrabawar shiga da maki mai kyau, an mayar da shi saboda takardar haihuwarsa ta ce watan Maris, NIN ta ce Janairu. Mai shagon da ya yi masa rajista ne ya cika abin da ya ga dama, shi kuma bai karanta ba. Ranar da ya dawo ya zauna a ƙofar ofishina bai ce komai ba, ambulan ɗin na kan cinyarsa. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi, domin ni ma ban ce ya kawo in duba ba.

Gyaran NIN yana ɗaukar lokaci, gyaran suna a sakamakon jarrabawa ya fi shi wuya. Hanya mafi sauƙi ita ce tun kafin ka yi rajistar WAEC ka zaɓi rubutun suna guda, ka tsaya a kansa har abada. Kuma kada wani ya ba ka shawarar rage shekaru. Takardar firamare za ta tona ka, kuma wanda zai yi aikin kama masu jabun takardu bai kamata ya shiga da jabu ba.

Game da sakamako, dole ka sami kiredit a Turanci da Lissafi, da darussan da suka shafi fannin da kake so, a zaman da bai wuce biyu ba. Ni ina ce wa ɗalibaina su nemi shida zuwa sama a zama ɗaya, don hankalinsu ya kwanta.

Mataki na uku: JAMB

Tunda jami'a ce, ta ƙofar JAMB ake shiga. Za ka tura lambar NIN ɗinka ta saƙon waya zuwa 55019 a ba ka lambar rajista. Layin wayar ya zama naka na kanka, kuma ka riƙe shi da kyau, kada ka yi da na mai shago ko na aboki, domin duk saƙon da zai biyo baya nan zai zo. Wajen zaɓen makaranta ka sa makarantar 'yan sanda ta Wudil a zaɓin farko.

Ka zaɓi fanni da idonka a buɗe. Akwai tsangayar shari'a, da ta kimiyya, da ta nazarin zamantakewa da gudanarwa, da ta harsuna da tarihi. Mai son shari'a sai ya haɗa Turanci da adabin Turanci da darussa biyu na ɓangaren, kamar gwamnati da addini. Mai son kwamfuta ba shi da makawa sai Lissafi da Fiziks. In ka tambaye ni, zan ce yaranmu su daina tururuwa a fanni ɗaya. Laifi ya koma waya da asusun banki. Masu garkuwa da mutane da waya suke ciniki. Rundunar na matuƙar buƙatar wanda ya iya bin sawun kuɗi, da wanda ya san kimiyyar binciken shaida, irin su zanen yatsa da gwajin jini.

A shekarun baya an sha sanya 180 a matsayin mafi ƙarancin maki. Kada ka sa shi a ranka. Wannan makin ƙofa kawai yake buɗewa. Ka nemi 230 zuwa sama.

Mataki na huɗu: fom da jarrabawar makarantar

Bayan JAMB, makarantar kan fitar da sanarwarta a jaridu da shafinta na intanet. Ka karanta sanarwar shekarar da kanka, daga farko har ƙarshe, domin ita ce alƙali. Ka zauna kusa da mai cika maka fom, ka karanta kowane layi kafin a tura, ka buga takardar shaida kofi biyu.

Sai jarrabawar tantancewa, wadda a kwamfuta ake yi. Yaron da ya taso a ƙauye bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya je ya biya kuɗin awa biyu ko uku a shago ya saba hannu. Ka maimaita Turanci da Lissafi da darussan fanninka, ka kuma san ƙasarka: jihohi da manyan biranensu, shekarar samun 'yanci 1960, komawa mulkin farar hula a 1999, jerin muƙaman 'yan sanda daga kurtu har Sufeto Janar.

A daidai wannan lokaci ne 'yan damfara ke fitowa kamar kiyashi. Za a kira mahaifinka a ce akwai gurbi, wani babba ne ya bayar, a turo kaza. Na san gidan da aka sayar da shanu biyu saboda irin wannan kira, daga baya layin ya daina shiga. Kuɗin da za ka biya shi ne wanda sanarwa ta ambata, ta hanyar da ta ambata. Duk wanda ya ba ka asusun bankinsa na kansa, ɓarawo ne.

Mataki na biyar: jiki da ganawa

Wanda ya tsallake jarrabawa za a kira shi gwajin jiki da na lafiya da ganawa da kwamiti. Jiki ba ya ginuwa a mako guda. Wata shida kafin nan ka fara gudu bayan sallar asuba, kilomita biyu, ka riƙa ƙarawa har biyar, ka haɗa da motsa hannu da ciki. Mata ma haka, ko a filin makaranta ne tare da ƙawaye.

Ranar ganawa ka yi aski, ka yanke farce, ka isa da wuri da takardun asali da kofinsu. In an tambaye ka, ka ɗaga kai ka amsa da murya mai fita. Tarbiyyarmu ta koya mana sunkuyar da kai gaban manya, abu ne mai kyau a gida, amma a can sai a ɗauka tsoro ne. Za a iya tambayarka dalilin da ya sa kake son aikin. Ka yi wa kanka wannan tambaya tun yanzu, ka amsa tsakaninka da Allah. In albashi ne kawai da kaki, shekara biyar na farkawa kafin asuba, da fareti cikin sanyin hunturun Wudil da zafin bazararta, za su yi maka tsawo.

Bayan an shiga

Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatu da kwana da abinci, amma samun shiga ba shi ne gamawa ba. Ana korar ɗalibi kan faɗuwa jarrabawa, ana korarsa kan rashin ɗa'a. Rayuwar bariki ce: fita sai da izini, na gaba da kai ko da shekara ɗaya ne sai ka ƙame masa. Safe atisaye, hantsi aji, yamma fili.

Roƙona ga wanda Allah ya ba shi, ya riƙe darussan doka da hannu biyu. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta dukan wanda ake tuhuma don ya amsa laifi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato a tafi da uba don ɗa ya gudu. Beli kuma kyauta ne. Talakan da zai shigo caji ofis ɗinka gobe da rawar jiki bai san waɗannan ba, kai ne za ka sani a madadinsa. Kuma ka shirya zuciyarka da ta iyayenka: rundunar ta tarayya ce, ana iya tura ka Bayelsa ko Ebonyi kamar yadda ake iya barin ka a Jigawa.

In ba a dace ba

Wanda shekarunsa ba su wuce ba ya sake nema baɗi, bayan ya gano abin da ya kayar da shi. Wanda ya haura 22 yana da ƙofar kurtu, wadda ke karɓar 'yan shekara 18 zuwa 25 masu kiredit biyar, fom ɗinta kyauta ne, ana horo na watanni a kwalejojin 'yan sanda irin na Kaduna da Maiduguri da Ikeja da Oji River. Mai sha'awar soja yana da NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, wadda aka kafa a 1964, ita ma ta JAMB ake bi. Akwai kuma hukumomin shige da fice, da gidajen gyaran hali, da kashe gobara, da jami'an tsaron farin kaya na Sibil Difens, waɗanda hukuma ɗaya ke ɗaukar musu ma'aikata, sai kwastan da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da ke nasu daban. Waɗannan sukan ɗauki mai digiri ko babbar difloma a matakin hafsa, saboda haka wanda ya sami gurbi a wata jami'a ya tafi ya yi karatunsa, ya karanta shari'a ko nazarin laifuka ko kwamfuta, ya ci gaba da gudun asuba. Dukkansu takardun nan da ka shimfiɗa a tabarma za su nema, da suna guda da ranar haihuwa guda.