Yadda na ceto mujallun Baba daga danshi da gara

Tsofaffin mujallu masu suna Amina da Sahel Dimanche da marigayi Baba ya tara a gidanmu na Tawa, mun saba fiddo su duk Sallah, baƙi su yi ta kallon ɗinkuna da ɗaurin kallabin da. Bana bayan damina na buɗe kwalinsu, sai warin danshi ya buge ni, gara kuma ta cinye gindinsa.

Inna ta ce, "Shanya su a rana, ɗan nan." Ban yarda ba, don rana tana kashe launin hoto, takarda kuma ta bushe ta dinga karyewa. A inuwar zaure na baza su bisa tabarma, ina juya shafuka har suka sha iska, sannan na share furfurar danshin da busasshen burushi mai laushi.

Aikin da ya ci lokaci shi ne ƙananan ƙarafan da ke riƙe tsakiyar mujalla. Sun yi tsatsa, tsatsar ta ci takarda ta bar jan tabo. Da bakin wuƙa na ɗaga su ɗaya-ɗaya, na ɗinke tsakiyar da allura da farin zare ta cikin ramukan da suka bari. Kada ku liƙa salatif, gam ɗinsa yana rawaya ya ɓata shafi.

Yanzu suna kwance cikin akwatin ƙarfe bisa bulo, nesa da bango, da busasshen ganyen dogon yaro ƙulle a tsumma. Na ado kuwa, bangon mujallun na kai aka yi mini kwafi mai launi, shi muke ratayawa a falo ranar Sallah.