Yadda Za Ka Gane Kan New York A Makonka Na Farko

Duk baƙon da ya sauka wurina a Bronx, abu na farko da nake hana shi shi ne hawa tasi. Kuɗinka za su ƙare, garin kuma ba zai zauna maka a kai ba. Jirgin ƙasa ne zai koya maka New York. Tun 1904 yake aiki, ba dare ba rana, kuma yanzu katin banki ko waya kawai za ka ɗora a mashiga ka wuce.

Kafin ka hau, riƙe abu biyu. Garin gundumomi biyar ne da aka haɗe a 1898: Manhattan, Brooklyn, Queens, Bronx da Staten Island. Sannan yawancin titunan Manhattan a jere suke kamar kunyoyin gona, bisa tsarin da aka zana a 1811, lambarsu tana ƙaruwa idan ka nufi arewa. In ka ga allo ya ce Uptown, arewa ke nan, wajen Harlem da Bronx. Downtown kuwa kudu. Ka kula, akwai jirgi mai tsayawa a kowace tasha, akwai mai tsallake. Da harafi ko lamba ake kiran jiragen: jirgin A, alal misali, da rana in ya bar titi na 59, ba zai tsaya ba sai titi na 125.

Fara da Harlem. Hau jirgi na 2 ko na 3, ka sauka a titi na 116. Da fitowarka za ka ga koriyar ƙubba, Masallacin Malcolm Shabazz ke nan, wanda aka sa wa sunan Malcolm X, Musulmi ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata. Yi nafila, sannan ka taka zuwa yamma cikin shagunan 'yan Senegal, ka ci shinkafa da kifi irin tasu. Ina so ka yi tafiyar nan a hankali, ɗan'uwa, domin kafin mu zo, baƙaƙen fatar da suka gudo daga wariyar launin fata a jihohin kudu na ƙasar nan ne suka cika unguwar tun wajen shekarun 1910. Da guminsu da gwagwarmayarsu aka buɗe ƙofofin da muke shiga yau. Ka ƙarasa titi na 125 ka ga Apollo, shahararren gidan kiɗa da waƙa. Idan dattijo ya gaishe ka a hanya, amsa masa da girmamawa.

Kuɗin haya a Harlem ya yi tashin gwauron zabi, shi ya sa da yawa daga cikinmu muke Bronx. Hau jirgi na 4 ko D zuwa titi na 161, kusa da filin wasan Yankee, ka bi babban titin Grand Concourse zuwa arewa. Kunnenka zai ji Sifaniyancin 'yan Dominika, da yaren Asante, da Hausar zangon Kumasi da Nima, da ta 'yan Nijar. Shiga kowane shagon kayan abincin Afirka ka yi sallama, ka tambayi inda ake Juma'a. Yawancin masallatanmu shaguna ne aka mayar, ba za ka gane su daga nesa ba.

Amma kada ka maƙale cikin 'yan'uwa kaɗai. Wannan kuskuren ya ci mutane da yawa shekaru. Ware rana guda ka hau jirgi na 7 a Queens, wanda yake bi ta saman tituna. A titi na 74, Jackson Heights, 'yan Indiya ne da Bangaladash, naman halal ko'ina; a ƙarshen layi, Flushing, sai ka ce kana Sin. Dokar shige da fice ta 1965 ce ta buɗe wa mutanen Asiya hanya, unguwannin nan suka sake kama.

Da yamma ka gangara ƙarshen Manhattan ta kudu ka hau jirgin ruwan Staten Island. Kyauta ne, kada ka ba kowa kuɗin tikiti. Kimanin minti 25 ne, kuma in ka tsaya ta hannun dama za ka ga mutum-mutumin 'Yanci. Ka tafi da rigar sanyi, iskar ruwan nan tana ratsa ƙashi.