Yadda Ake Tantance Siffofin Babbar Lamba: Misalin 123,456

Duk abin da kake son sani game da babbar lamba yana cikin lambobin firam da suka haɗu suka gina ta. Firam ita ce lambar da ba ta rabuwa ba saura sai da 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Ita 1 ba ta cikinsu, kuma ɗalibai da yawa a nan suke fara tuntuɓe.

Fara da alƙalamin ƙarshe. Na 123,456 shi ne 6, don haka cika ce, ba mara ba. Yi ta raba ta da 2: 61,728, sai 30,864, sai 15,432, sai 7,716, sai 3,858, sai 1,929. Sau shida ke nan. Rubuta wannan a gefe. Tara alƙaluman 1,929, ka sami 21. Tunda 3 na raba 21 amma 9 ba ta raba shi, 3 za ta shiga sau ɗaya tak, a bar 643.

Nan aikin yake. Shin 643 firam ce? Ba sai ka gwada har 642 ba. Tsaya a inda lamba sau kanta ta zarce 643: 25 sau 25 shi ne 625, 26 sau 26 kuwa 676. Firam ɗin da za ka gwada su ne 5, 7, 11, 13, 17, 19 da 23, kuma kowace tana barin saura (7 ta bar 6, 23 ta bar 22). Dalilin tsayawar: in da akwai mai raba ta da ya fi 25, abokin ninkinsa dole ya gaza 26, da tuni ka ci karo da shi. Kada ka yarda da ido. 91 da 221 suna kama da firam, alhali 7 sau 13 ne da 13 sau 17. Masanin lissafi Fermat ma ya ɗauka 4,294,967,297 firam ce, sai a 1732 wani masanin, Euler, ya nuna 641 na raba ta.

Yawan masu raba 123,456: ƙara 1 a kan sau nawa kowace firam ta fito, sannan ka ninka. 2 ta fito sau 6, 3 sau 1, 643 sau 1, wato 7 sau 2 sau 2, jimla 28. Wanda ya manta ƙarin ɗayan zai sami 6.

Jimlar masu raba ta kuma, fara da ɓangaren 2, wanda fitowarta sau shida ta ba da 64: tara masu raba 64, wato 1, 2, 4, 8, 16, 32 da 64, su ba da 127. Na 3 shi ne 1 da 3, wato 4, na 643 shi ne 1 da 643, wato 644. Ninka ukun: 327,152. Dole ka ɗebe lambar kanta, saura 203,696. Da wannan ake sa ta a aji. In ya yi daidai da lambar, kammalalliya ce, irin 6, 28, 496 da 8,128. In ya gaza, mai giɓi ce, kuma duk firam a nan take. Namu ya zarce 123,456, saboda haka mai yalwa ce.

Kafin ka rufe littafi, ninka 64 sau 3 sau 643 a kalkuleta. In bai dawo 123,456 ba, koma ka sake ƙirga rabon da 2, domin a can aka fi tsallake mataki.