Yadda za a shirya wa ɗan firamare gorar ruwa a bazara

Iyaye, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, kuma ƙaramar gora ba ta kai yaro lokacin tashi. A sama masa mai lita 1.

Tun da daddare a wanke ta da sabulu, a sa tsohon burushin haƙori a goge cikin murfin, domin a nan baƙar dauɗa take maƙalewa, musamman in an taɓa zuba zoɓo ko kunu. Sannan a zuba ruwa rabi kawai, a jingina ta a firiza. Kada a cika: ƙanƙara tana kumbura, sai gorar ta tsage. Da safe a ƙarasa cika ta.

In babu wuta, ruwan randa ya wadatar. A jiƙa safa mai tsabta a sa gorar ciki, a ajiye ta a aljihun gefen jaka inda iska take bugawa. Ban da ƙunshe ta a leda, don bushewar safar ce ke sanyaya ruwan.

A rubuta sunansa a jiki, a ja masa kunne kada ya sha da kowa, lokacin sanƙarau ne. Idan ya dawo fitsarinsa ya yi rawaya mai duhu, bai sha isasshe ba.