Yadda ake sauya ƙwayar gadon enzayim a jikin ɓera da sinadarin ENU

Tun 1979, da masanin kimiyya William Russell ya gwada ENU (sinadari mai sauya ƙwayoyin gado) a cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka, aka san ƙarfinsa wajen sauya ƙwayoyin gadon ɓera. Harafi ɗaya tak yake musanyawa a DNA, don haka sau da yawa enzayim (furotin da ke hanzarta sarrafa sinadarai a jiki) ba ya mutuwa gaba ɗaya, aikinsa ne ke raguwa, kamar yadda ake gani a cututtukan gado na mutane.

Kafin komai, a samu izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji. ENU na haddasa sankara, saboda haka ba a buɗe shi sai a akwatin zuƙe iska, da safar hannu ninki biyu.

A narkar da garin ENU a cikin barasar etanol, a tsarma shi da ruwan fosfet da sitret mai pH 5 (ma'aunin tsami), domin idan ruwan ba shi da tsami sinadarin kan lalace da sauri. A auna ƙarfinsa da na'urar haske a nanomita 398. Kada a dogara da nauyin da aka rubuta a jikin kwalba, a nan ne aiki ya fi ɓaci.

Ana zaɓar ɓeraye maza 'yan mako 8 zuwa 10. A yi wa kowanne allura a kogon ciki, miligram 80 zuwa 100 ga kowane kilo na nauyin jikinsa, sau ɗaya a mako har mako uku. Ɓeraye nau'in BTBR da C57BL/6 suna jurewa, FVB kuwa ba ya jurewa. Ragowar sinadarin da sirinji a jiƙa su a ruwan KOH (sinadarin da ke lalata ENU).

Daga nan mazan za su daina haihuwa na kusan mako 10 ko fiye. Wanda bai daina ba, allurar ba ta kama shi ba. Wanda haihuwar ba ta dawo masa ba, allurar ta yi masa yawa. Da ta dawo, a haɗa su da lafiyayyun mata ba jinkiri, don sankara na gajarta musu rai. A tsaya a kan 'ya'ya kusan 50 ga kowane namiji, in ba haka ba sauyi ɗaya zai yi ta maimaituwa.

A ɗebi jinin 'ya'yan a auna aikin enzayim. Wanda ya gaji sauyi yakan nuna rabin aikin. Idan cutar ake so ta bayyana, sai a zuriya ta uku, inda ɓera zai gaji sauyin ta uwa da uba. Ta auna fenilalanin (wani sinadarin ginin furotin) a jini aka samo ɓeran Pah-enu2 a Jami'ar Wiskonsin, wanda ake nazarin cutar PKU da shi, cutar gado da ke hana jiki sarrafa fenilalanin.