Darasi na 6: Kiwon karen teriya a cikin iyali

To 'yan uwa, yau za mu yi magana ne kan wani jinsin kare da ake kira teriya, musamman matsakaicinsa, wanda bai kai manyan karnukan gadi ba kuma ya fi 'yan ƙananan nan da ake ɗauka a hannu. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin da ke nufin ƙasa, don asalin aikinsa ke nan, shiga rami ya fito da ɓera ko yanyawa. A Birtaniya da Ayalan aka fi raya su, manoma ne suka riƙe su don su tsare musu rumbu da dabbobi. Akwai teriyan Ayalan mai jan gashi, tsayinsa a kafaɗa wajen santimita 45, nauyi kilo 11 zuwa 12, wannan har aike ya yi wa sojoji a Yaƙin Duniya na Farko, ana ɗaura masa saƙo ya kai. Akwai kuma mai laushin gashi launin alkama, shi ya ɗan fi nauyi, kilo 14 zuwa 18. In sun samu kulawa suna yin shekara 12 zuwa 15, kun ga ashe ba abin wata biyu ba ne.

Me ya sa na fara da tarihi? Saboda hali zanen dutse ne. Karen da kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna tono da bin ɓeraye ba zai daina ba don kawai ka kawo shi gida ka shimfiɗa masa tabarma. Zai tona tsakar gida, zai yi haushi in ya ji motsi, in ya hango kyanwa ko kaza ta gifta sai ka ga ya zabura kamar bai taɓa jin sunansa ba, kuma mutane da yawa a nan suke yanke hukunci wai karen ba ya ji, su kama duka ko su ɗaure shi wuni guda, alhali wallahi ba mugunta ba ce, ƙarfi ne ya taru masa bai samu inda zai zubar ba. Abin yana damuna sosai in na ga an ɗaure irin wannan kare daga safe har dare.

Maganin abin shi ne ka ba shi aiki. Aƙalla awa 1 a kullum ta tafiya da guje-guje, gara a raba biyu, safe da yamma in rana ta yi sanyi, don kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake rage zafin jiki, zafin rana na iya kashe shi. In za ku fita a sa masa igiya, kar ka ce ai ya saba da ni. A gida ka jefa masa ƙwallo ya ɗauko, ka ɓoye ɗan abinci ya nemo da hanci, in kana da fili ka ware masa kusurwa ɗaya ka zuba yashi ka binne abin wasa, nan ne wajen tononsa. Katanga kuma a duba ƙasanta ba samanta kaɗai ba, don ta ƙasa yake fita.

Kar ka karɓi kwikwiyo kafin ya cika sati 8 a wajen uwarsa. Daga nan zuwa wajen sati 14 shi ne lokacin da yake koyon abin tsoro da wanda ba na tsoro ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka bari ya ga yara da manya, ya ji ƙarar mota, ya saba a taɓa masa kunne da ƙafa. Horo minti 5 ya isa a zama ɗaya, zauna, zo, bari, in ya yi daidai ka ba shi ɗan abu nan take ka yaba masa. Teriya akwai taurin kai, in ka yi masa tsawa ƙara bijirewa yake. Kowa a gidan ya yi amfani da kalma iri ɗaya, kar uwa ta hana kare abu, uba kuma ya ƙyale shi. Yara kuma a koya musu ba a jan wutsiya, ba a taɓa shi yana ci ko yana barci, ƙaramin yaro ba a barinsa da kare su biyu kawai komai sabonsu.

Abinci sau 4 a rana har ya kai wata 3, sai sau 3 zuwa wata 6, daga nan sau 2. Ruwa mai tsabta kullum. Ka shafa gefensa, in kana jin haƙarƙari ba tare da ka danna ba to daidai yake, in sai ka laluba ya yi ƙiba. Kar a ba shi cakuleti, albasa, tafarnuwa, inabi ko zabibi, duk guba ne gare shi, haka dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Maganin ciwon kai na mutane ma kar ka kuskura ka ba shi.

Sai likitan dabbobi. Allurar rigakafin farko tsakanin sati 6 zuwa 8, ana maimaitawa har sati 16, ita ke kare shi daga cutar fabo mai sa amai da gudawar jini. Ta haukan kare kuma daga sati 12, wannan kam don kai da iyalinka ne ma, domin in alamun cutar suka bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tashi. In kare ya ciji wani a wanke wajen da ruwa da sabulu minti 15 a nufi asibiti. Maganin tsutsar ciki duk wata 3 ga babba, a riƙa duba kaska da ƙuma a kunne da tsakanin yatsu.

Gashi ya danganta da wanda kake da shi. Mai kaushin gashi, irin mai jan gashin nan, buroshi sau ɗaya ko biyu a sati, sannan kamar sau 2 a shekara a cire mataccen gashin da hannu. Mai laushi kuwa kusan kullum sai an taje shi, in ba haka ba ya cukurkuɗe har ya ja masa fata.

Aikin gida: rubuta a littafinka awa nawa kake da ita a rana da za ka iya ba kare, da sunan wanda zai fita da shi ranar da ba ka nan. A darasi na gaba kowa zai karanta mana nasa.